MOTAR SOROROCA TA CIKA DA BAƘI

Shafi na 31

"Ka rage murya."

"Ba zan rage ba."

"Gilvan, akwai 'yan jarida a bayan bangon nan."

"To kira su mana. Su zo su ɗauki hoton ɗan Sororoca na gaske, ko guda ɗaya ne."

Baffa Jurandir ya finciki hannun rigata, ya ja ni bayan ɗakin girkin makarantar, inda ake zubar da shara. Ƙanin mahaifina ne. Ɗan majalisar jiha ne, kuma shi ke shugabantar kwamitin da ke sa wa tashar nukiliya ido. Turarensa ya haɗu da warin ruɓaɓɓen wake.

Ranar atisaye ce. Tasha takan busa jiniya, a yi kamar wani abu ya fashe, motoci su kwashe mutanen da ke kewaye da ita zuwa wannan makaranta. Bana manya sun zo daga babban birni da agogo a hannu, suna duba ko za a iya kwashe kowa a kan lokaci.

Mu ba wanda ya gaya mana. Tun ruwan bara da dutse ya zabtare ya binne hanyarmu, ya tsinke wayar jiniya, ƙauyenmu Sororoca ba mota, ba jiniya. Sai ta teku. Ni ma kifi na kawo kasuwa na ji gari ya ɗauki kukan jiniya.

Ina tsaye a bakin titi sai ga bas, an manna mata takarda a gilashi: SOROROCA. A cike take. Na bi ta da gudu har nan, ina leƙen taga, ina neman fuskar gida.

Babu ko ɗaya.

"Wanda ya sauko da taru a kafaɗa," na ce, "mai wankin mota ne a bayan banki. Tarun ma ko takardar shago ba a cire ba."

"Alama ce kawai."

"Tsohuwar da ka turo a keken guragu fa? Ita ma alama ce? Dona Cotinha ce, mai dafaffiyar masara a tashar mota. Jiya na ga ta bi wani yaro da gudu a kan canjinta."

"Ta yarda da kanta."

"Ka sumbaci goshinta a gaban kyamara."

"Gilvan."

"Ka ce, 'Wannan uwata ce, duk tsohuwar Sororoca uwata ce.' Har da hawaye. A ina ka koyo hawayen, Baffa? Ko shi ma kamfanin tasha ne ya kawo?"

Ya ɗaga hannu. Na tsaya. Na so ya mare ni, wallahi na so. Sai ya mayar da hannun ya gyara gashinsa.

"Kai yaro ne," ya ce. "Ka san abin da zai faru in atisayen nan ya faɗi? Lasisi ya tafi. Tasha ta rufe. Rabin garin nan a can suke ci. Asibitin da aka yi wa kakarka aikin ido, wa ya gina shi? Makarantar da ka gama, wa ya yi mata rufi? Ka zaci ruwan sama ne ya sauko da su?"

"Hanyarmu fa?"

"Za a yi."

"Yaushe?"

"In komai ya daidaita."

"Haka ka ce a zaɓen da ya wuce."

"A zaɓen da ya wuce dutse bai faɗo ba tukuna."

"To ramukan ka ce za a cike. Yanzu dutse ya cike maka su."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

A bangon da ke bayansa hotonsa ne. Duk inda ka juya a garin nan yana nan. Baffa yana saurayi, ba riga, ya kwanta a kan kwalta a gaban motar da ta ɗauko kayan tasha. A ƙasa an rubuta: BAI TAƁA JA DA BAYA BA.

Da wannan hoton ya zama kansila. Da shi ya zama shugaban gari. Da shi ya shiga majalisa. Kamfani ya daina kai shi kotu, ya fara gayyatarsa cin abinci. Daga baya ƙanin matarsa ya samu kwangilar ciyar da ma'aikata. Yanzu ana cewa in ya gama wa'adinsa akwai kujera tana jiransa a can sama, a cikin kamfanin.

Hoton na mutum biyu ne. Babana Nivaldo yana kwance a gefensa, shi ya fara kwanciya ma. Da teku ta cinye Baba, sai aka yanke shi daga hoton. Amma ba a yanke da kyau ba. In ka matsa kusa, za ka ga yatsu a kan kafaɗar Baffa, ba su da jiki.

"Ka daina kallon wannan," ya ce.

"Babana nake gaisarwa."

Ya ja numfashi. Ya sassauta murya, irin wadda yake yi wa matan da suka zo roƙo a ofis.

"Saurara. Ba don faɗa na jawo ka nan ba. Allah ne ya kawo ka. Aiki nake so ka yi min, kuma ba nawa ba ne, na gida ne. Ka koma yau ka ɗauko min Inna."

"Kaka?"

"Na sama mata gida a bayan tsaunuka. Bene ne, da mai kula da ita. Ka ce mata likitan ido ne ya ce ta dawo. Kaya kaɗan. Kar ka tsaya hira da kowa."

"Me ya sa yau?"

"Tsohuwa ce. Wurin ba hanya."

"Tun bara ba hanya."

Ya buɗe baki zai amsa, sai ƙofar ɗakin girki ta buɗe. Dakta Haroldo ne, mai magana da yawun kamfani. Farar riga, hular kwano da ba ta taɓa ganin ƙura ba. Burodi da yankan nama a hannunsa, irin wanda aka raba wa mutanen bas.

"Honarabul! Ashe nan ka ɓuya! Manyan sun sa hannu, sun ce ba su taɓa ganin tsari irin wannan ba."

Sai ya gan ni. Ya tsaya. Ya zagaya ni kamar mai taya akuya.

"Kai! Wannan kuma a ina kuka samo shi? Honarabul, ai shi ya kamata a sa a gaba! Dubi ƙafa. Dubi ɓawon kifi a hannu." Ya matso ya shinshina. "Har ƙarni yake! Wa ya shirya shi? Waɗancan duk sabulu suke ƙamshi, na yi ta fargaba."

"Haroldo," in ji Baffa.

"Samari, ka karɓi naka burodin? Je ka ce ni na aiko ka, a ba ka biyu." Ya dafa kafaɗata, ya juya ga Baffa. "To, takardar rumbun ta fito ke nan. Wata mai kamawa jirgin dako zai fara sauke gangunan a bakin ruwan ƙauyen. Tsohuwar fa? Ka ce za ka ɗauke ta kafin a fara. In ta ga jirgi ta tara mana mutane, ni ba ruwana."

"Haroldo. Ɗan yayana ne."

Hannun ya sauka daga kafaɗata a hankali. Murmushin bai tafi ba, tsayawa ya yi a inda yake.

"Ah," ya ce. "Madalla. Iyali."

Ya goge tafinsa a wando, ya koma ciki.

Ƙudaje suna ta bin sharar. A can cikin zaure wani yana tafi.

"Wane rumbu?" na ce.

Ya kau da kai.

"Baffa. Wane rumbu?"

"Na sharar tasha. Abin da aka gama ƙonawa. Ma'ajiyar ciki ta cika. Za a jera shi a tsohon ramin fasa dutse."

"Na bayan cocinmu."

"Ƙarfe ne da kankare, kaurinsa ya fi tsawon hannunka. Duk duniya haka ake yi. Za ka iya jingina da shi ka ci abinci."

"To me ya haɗa shi da bas ɗin ƙarya?"

Ya dubi takalminsa.

"Doka ta ce ba a ajiye shi kusa da mutanen da ba za a iya kwashewa ba."

"Yau kun nuna ana iya kwashe mu."

"Ba abin da zai faru."

"In ba abin da zai faru, bar ta a ɗakinta."

"Uwata ce, Gilvan!"

Wannan karon shi ya ɗaga murya. Ya waiga ya ga ko an ji.

Na dube shi. Ban san wanne ya fi ba ni ƙyama ba: ko yana tsoron kar abin ya taɓa ta, ko yana tsoron bakinta. Ina jin shi ma bai sani ba.

"Ba zan yi mata ƙarya ba," na ce. "Kana so, ka zo ka yi da bakinka."

"Injin da ke jirgin ruwanka, wa ya ba ka?"

"Kai."

"To."

"To ka zo ka hau kayanka."

Ban zaci zai zo ba. Ya zo. Bai ɗauki jirgin kamfani ba, kar a gan shi. Ya cire kwat, ya sa hular wani direbansa, ya shimfiɗa jarida a kan akwatin kifi kafin ya zauna.

Muka wuce tasha, fararen ƙubbobin nan biyu suna ƙyalli a rana, muka ratsa ta inda ruwan ɗumi ke fitowa, kunkuraye suna ta iyo. Da muka fita daga lungu igiyar ruwa ta fara ɗaga mu. Ba wata babba ba ce.

Baffa ya kama gefe. Ya yi fari. Ya sunkuya ya amayar da burodin kamfani a teku.

Mutumin da aka yanke wa cibiya a bakin ruwan nan.

Ban rage gudu ba.

Yara ne suka fara hango mu. Kafin in ɗaure jirgi, labari ya zagaye ƙauye.

"Honarabul ya zo!"

"Jurandir ne! Maganar hanya ce!"

Suka fito. Tsoho Tibúrcio da ɓarin jikinsa ya mutu, jikokinsa suka ɗauko shi a kujera. Rosilene da cikinta haihuwa yau ko gobe, tana tafe tana riƙe ƙugu. Wani ya fasa masa kwakwa. Wata ta ce a soya masa kifi, ai ya rame, abincin birni ba ya kama jiki.

"Jura, ka tuna ni? Ni na koya maka ɗaurin ƙugiya!"

"Ya za a yi in manta, Baba Tibúrcio!"

Nan take ya warke. Yana miƙa hannu, yana shafa kan yara, yana kiran sunaye, rabi daidai rabi kuskure. Amai a bakin rigarsa, ba wanda ya lura.

Suka rako mu har ƙofar Kaka, suka tsaya a waje don kunya.

Kaka Zulmira tana zaune a ɗakin girki tana ɓare ɗanyar ayaba, za ta sa a romon kifi. Ita ke yi wa yaran ƙauyen addu'a in sun yi zazzaɓi, ita ta karɓi haihuwar rabinsu. In ta ce a zauna, an zauna.

Na sunkuya na sumbaci hannunta, yadda muke yi tun muna yara.

"Albarka, Kaka."

"Allah ya yi maka albarka, sarkin ƙarni. Ka sayar ko ka zubar?"

Baffa ya cire hula. Ya sunkuya.

"Albarka, Inna."

Hannun bai taso ba. Wuƙa ta ci gaba da aikinta.

"Inna, albarka."

"Ai na ga ka samu wata uwar," ta ce. "Mai keke. Ita ba ta sa maka ba?"

"Inna..."

"A talabijin ɗin shago muka gani, an tayar da janareta don ƙwallo, sai ga ka. Na ce, ikon Allah, ashe an kwashe mu ban sani ba. Na taɓa jikina na ji ina nan." Ta jefa ayaba a ruwa. "Cotinha ce, ko? Tare muka yi rawa da ita a bikin masunta. Ƙafarta ta fi tawa lafiya."

"Aikin siyasa ne, Inna. Ba za ki gane ba."

"Ba zan gane ba. Zauna, kana tare min haske."

Ya zauna a kan benci. Ya fara. Likitan ido ya kira. Ya ce lallai a sake dubawa. Kwana kaɗan ne. Akwai ɗaki mai kyau, akwai ruwan zafi. Yana magana yana murza hular. Ya iya. Da ban ji Haroldo da kunnena ba, da ni ma na yarda.

Kaka ta bari ya gama.

"Gilvan."

"Na'am."

"Idona ne?"

Baffa ya dube ni. Injin, jirgin, kasuwar da 'yan kwamitinsa ke riƙe da rumfuna, duk suna cikin kallon.



"Ba idonki ba ne," na ce.

Na faɗa mata. Bas ɗin. Takardar. Gangunan da za a jera a bayan coci wata mai kamawa. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba. Har da kaurin kankaren na faɗa, kar a ce na zalunce shi.

"Ba haɗari, Inna, na rantse da kabarin Nivaldo."

"Nivaldo ba shi da kabari," ta ce. "Nemi wani abin."



Ta ajiye wuƙar. Ta wanke hannu. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Muka ji tana jan akwati. Ta fito da jakar da take zuwa asibiti da ita. Ta sa riguna biyu. Ta sa carbinta. Ta ɗauki maganin hawan jini daga kan taga. Ta sauke tukunyar daga wuta, ta rufe.

Baffa ya sauke ajiyar zuciya. Har kafaɗunsa suka sauka.

"Na gode, Inna. Za ki ga, wurin zai yi miki."

Ni kuwa na ce a raina, shi ke nan. Ita ma.

"Riƙe min," ta ce masa.

Ya karɓi jakar da sauri. Ta kama hannunsa, ta fita da shi ƙofa.

Mutane suna nan. Sun ƙaru ma. Malamar makaranta ta sallami yara sun zo. Kifin da aka soya masa yana kan faranti, an rufe da ganyen ayaba. Suka ga jaka. Hira ta mutu.

"Dona Zulmira, tafiya za a yi?" in ji Rosilene. "Ni fa? Kin ce ke za ki karɓi haihuwata."

"Ɗana ne ya zo ɗaukata," Kaka ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na baya sun ji. "Za a kawo wa tasha shararta bayan coci. Ya ce ba komai. Ya ce amma uwarsa ba za ta kwana kusa da ita ba."

Wani ya yi 'yar dariya, ya zaci wasa ne. Ya ga ba wanda ya taya shi.

"Jama'a," Baffa ya fara, ya ɗaga hannun da babu jaka, "ku ba ni dama in yi bayani, akwai tsari..."

"Akwai bas," in ji malamar. "Mun gani."

"Jura?" Tsoho Tibúrcio ne, bakinsa a karkace. "Ba hanya ka zo yi ba?"

Kaka ba ta saki hannunsa ba. Na ga yana so ya zare, ta ƙara damƙewa. Ta juyo gare ni.

"Jirginka zai ɗauke mu duka?"

"A'a, Kaka."

"Rabi?"

"Ko kusa."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga hannun Baffa sama, ta miƙar masa da ɗan yatsa da kanta, kamar yadda ake koya wa yaro nuni. Ta juya shi a hankali, ya bi ta kan Rosilene, ya bi ta kan kujerar Tibúrcio, ya bi ta kan yaran da ke riƙe da littattafai.

"Na shirya, Jurandir. Kai ne mai ilimin abin. Nuna min, wa zan ce wa ya zauna a nan?"